Goggo Habi da Rijistar Nonon Bani Malik

Ku da kuka zauna da Goggo Habi kun sani, ba ta amsa gaisuwar saurayi ko budurwa haka kawai. Kana cewa, "Goggo, ina wuni?" sai ta ɗaga maka tafin hannu alamar ka dakata, ta leƙo ka ta saman tabarau, ta ce, "Ɗan wa?" Ka faɗa. Ta ce, "Wa ka sha?" Kafin ka gama sunkuyar da kai don kunya, ta riga ta zura hannu cikin tob ɗinta, lulluɓin nan na matan Sudan, ta zaro 'yar baƙar na'urar nan, ta buɗe murfin, ta kama tsinken da ta ɗaura mata da zare, ta shiga danne-danne, ƙit, ƙit, ƙit. Sai ta gano sunanka, ta karanta a ranta, ta gyaɗa kai, sannan ta washe baki ta ce, "Lafiya lau, ya waladi, ɗana! Ya mamarka?" Wallahi har ladanin masallacin bayanmu ta yi wa haka, mutum da gemunsa har ƙirji, ya zo duba ta da ledar lemo a hannu. Haka ya tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa har ta gama bincikensa.

Don waɗanda ba su taɓa ganin na'urar ba, ba waya ba ce. Mufakkira ake ce mata, irin wadda 'yan kasuwa suka yi yayi kafin jawwal, wato wayar hannu, ya cika gari. Ba ta fi tafin hannu ba, tana da 'yan maɓallai masu harafin Larabci da ɗan allo mai ruwan toka. Ba ta kira, ba a kiranta, ba ta ɗaukar hoto. Abin da ka rubuta mata shi take riƙewa, shi ke nan. Mutane lambobin waya da ranakun alkawari suke zubawa a irinta. Goggo Habi kuwa, yayar mahaifina, sunan kowane jariri da aka haifa a zagayenmu na unguwar Bani Malik, a nan Jidda, ta zuba, da sunan kowace mace da ta taɓa ba shi nono.

Kada wani ya ce aikin banza ne. Lokacin da muke jarirai, iyayenmu mata tun da sassafe suke fita nema. Wata shara a asibiti, wata girki a gidan Larabawa, wata sayar da turare da gyaɗa a Balad, tsohuwar kasuwar gari. Jariri kuwa ina ruwansa da aiki? In ya tsala kuka, duk mai goyon da ke kusa sai ta sungume shi ta sa a nono, ba a tsayawa tambayar na wane ne. Kuma kun san hukuncin: wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakani har abada.

Goggo ta ga abin da mantuwa ke jawowa da idonta. Akwai wasu ma'aurata, ba zan kama suna ba, suna zamansu lafiya da 'ya'ya biyu, sai wata tsohuwa ta zo Umra daga Sudan, ta gan su, ta dafe ƙirji ta ce ita ta shayar da su duka biyun. Aka bincika aka tarar haka ne. Goggo ce ta taya matar haɗa kayanta. Ta ce mini tunda take ba ta taɓa jin kuka irin na ranar ba, mace a bakin mota tana kallon uban 'ya'yanta, ta rasa da wane suna za ta kira shi. A makon ta sayi littafi, ta bi tsofaffi gida-gida tana tambaya, har na baya can da za a iya tunawa.

Littafin bai yi ƙarko ba. Mijinta, marigayi Baffa Idi, ya zo hura gawayin jabana, gahawar nan ta mutanen Sudan, bai samu takarda kusa ba, ya finciko shafi huɗu daga tsakiya. Da Goggo ta gani, sai da bene ya amsa.

"Idi! Ka ƙone zuriyar Hajja Asabe kaf!"

"Na ɗauka tsohon littafin makaranta ne."

"Ka sha gahawa da jikokin mutane, Allah Ya isa tsakanina da butar jabanar nan taka!"

Kwana bakwai ba ta ce masa ci kanka ba. A na takwas ya tafi kasuwar gwanjo, ya dawo da mufakkira, ya ajiye a gabanta ya ce, "Ga shi. Wannan ko na so ba ta hura gawayi."

Tun daga nan babu baikon da ake yi a zagayenmu sai an fara hawa bene na uku wurin Goggo. Abin da ke damun duk mai hankali a cikinmu shi ne, rijistar nan ba ta da kwafi a ko'ina. Tsofaffin da suka ba da shaida rabinsu sun rasu, wasu sun koma gida. Ita kuma ba ta yarda kowa ya leƙa allon, balle ya kwafa. Ni Sa'adiyya da nake zaune a ƙasanta, nake yi mata cefane, nake cuɗa mata baya, ko ni in na matso sai ta kife na'urar a cinya. Duk ranar da 'yar abar nan ta ce ga garinku nan, sai dai mu koma aurar da 'ya'yanmu da ka.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa a hannun mufakkira shi ne Bashir ɗan Hajja Mairo, maƙwabciyarmu. Bashir yana jariri ƙato ne mai ci, uwarsa kuma aikin asibiti take yi daga safe har la'asar. Da ya girma ya samu aiki a shagon kayan mota, ya ga Nafisa ya ce ita yake so. Suka hau wurin Goggo shi da uwarsa. Ƙit, ƙit, ƙit.

"Haram. Ka sha uwarta."

Ya sauko ya yi tafiyarsa. Bayan wata shida ya sake hawowa, wannan karon Huda ce. Ƙit, ƙit.

"Ita ma ƙanwarka ce. Ka kai mata tsaraba, ka yi zumunci."

A karo na uku da shirinsa ya zo. Ya sha farin tob na maza, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya fesa turare, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Ya Goggo, kafin ki buɗe, na tambayi shehi. Ya ce sai an sha sau biyar, ya'ni biyar cikakku, sannan yake haramta. Sau ɗaya sau biyu mafi mushkila, babu matsala."

"Mu a gidanmu ko ɗigo ne ya haramta," in ji Goggo. "Amma tayyib, mu bi shehinka. Wace ce?"

"Samira 'yar Hajja Kulu."

Ta danna, ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Sau biyar ko? Ya waladi, kai da ka sha biyar kafin azahar! Ga shi na rubuta, wata huɗu, kullum, ban da Juma'a."

Hajja Mairo ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki, don Juma'a ce ranar hutunta. Bashir kuwa kamar ya yi kuka. Ya ce, "To Goggo, billahi, ki duba mini wadda ban sha uwarta ba, ko wace ce ina so."

Goggo ta duƙufa. Ta yi ta dannawa, shayinsa ya huce, aka sake zuba wani. Can ta ɗago.

"A layin nan saura matar mai gadi. Ita ma don ba ta taɓa haihuwa ba ne."

Daga Madina Bashir ya auro. Kuma duk da haka sai da ya kawo sunan uwar amaryar aka duba, wai hankalinsa ya kwanta.

Sai kuma ranar sauya batir. Kai, jama'a! Wanda bai ga wannan rana ba bai san Goggo ba. Mufakkirar tana da batir biyu, 'yan ƙanana masu faɗin maɓallin riga, kuma tun a kasuwa an gargaɗi Baffa Idi cewa in aka cire su tare, duk abin da ke ciki ya tafi. Ɗaya ake cirewa, a sa sabo, sannan a taɓa ɗayan. Goggo ta riƙe wannan magana fiye da yadda wasu ke riƙe farillan alwala. Ran da za a sauya, sai ta kulle ƙofa, ta kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da fanka, a zafin Jidda fa, wai kada iska ta ɗauke batir. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a faranti. Ta yi alwala, ta sa ni ma na yi. Ba tari, ba atishawa.

Matsalar ita ce, Goggo ba ta yar da tsohon batir. Tana da wani gwangwanin alewa da take tara su, lokaci-lokaci ta shanya su a taga, wai su huta su farfaɗo. Wata shekara sai ta yi kuskure ta zuba sababbin biyu a cikin gwangwanin. Ba mu farga ba sai da ta riga ta cire na farko. Ga na'ura a buɗe tana rataye da batir ɗaya da ya tsufa, ga batir wajen ashirin a faranti, duk kamarsu ɗaya.

"Innalillahi! Sa'a, wane ne sabon?"

"Goggo, ina zan sani?"

"Lasa."

"Na'am?"

"Ki lasa, ya bitti, 'yata! Mai rai yana ɗan cizon harshe."

Haka na zauna, mace da 'ya'ya uku, gumi na zuba har cikin kunne, ina lasar batir ɗaya bayan ɗaya, tana tambayata, "Ya ciza?" Ana cikin haka Hajja Mairo ta hau dukan ƙofa, tana ihu hayaƙi na fitowa ta tagar kicin. Shinkafar Goggo ce ta kama. Na zabura zan tashi, ta danne mini gwiwa.

"Zauna! Bar ta ta ƙone. Shinkafa ana sayarwa a baƙala, kantin bakin layi."

A na goma sha ɗaya harshena ya ji cizo. Ta saka, allo ya kawo, ta duba suna uku ta tabbatar suna nan, sannan ta ce in je in ga tukunya. Kwana biyu bakina na ɗanɗanon ƙarfe, tukunyar kuma ba ta sake moruwa ba.

Ranar ce na kira Usman na ce masa abin ya isa haka. Usman shi ne ɗanta tilo, yana zaune a unguwar Safa da iyalinsa, mutum mai son kayan zamani. Ranar Juma'a sai ga shi da jawwal sabo fil a kwali, mai faɗin allo, irin wanda ake shafawa da yatsa.

"Ummi, halas, ya isa haka, ki huta da tsinke. Wannan yana ɗaukar suna dubu-dubu. Ba sai kin danna ba ma, ki yi magana kawai ya rubuta."

Goggo ta kalli jawwal ɗin ta gefen ido.

"Yana ji na ke nan?"

"Aiwa, yana ji."

"Ko ban yi da shi ba?"

Usman ya sosa ƙeya.

"Fitar da shi daga ɗakina."

Muka yi lallashi, muka yi magiya, ta kafe kai da fata. Ta ce ita da idonta ta ga an ɗauki hoton wata a wurin biki tana tsakiyar cusa loma, kafin a wanke hannu hoton ya isa Gadarif, can Sudan. Da Usman ya tafi ransa a ɓace, na tsaya ina tattara kofuna ina ƙunƙuni, sai ta kira ni.

"Ke kin ɗauka suna kawai ne a ciki? A bayan kowane suna akwai dalili. Wata kama ta aka yi ba iƙama, takardar izinin zama, ta yi wata biyu a tsare. Wata ciwon da ba a faɗa ne ya kwantar da ita. Wata yaji ta yi ta bar jariri. 'Ya'yansu yanzu manya ne, wasu ba su ma sani ba." Ta shafa mufakkira. "Wannan kurma ce, kuma bebiya. Wancan kuwa bakinsa ya fi na Mairo."

Gaskiya ta faɗa, har game da Mairon. Jawwal dai bai bar gidan ba. Ta gano cewa in yana kashe baƙin allonsa na nuna fuska, sai ta mayar da shi madubin sa kwalli. Ta ce a wannan fanni ba shi da laifi.

Aka yi shekara biyu a haka. Sai Goggo ta fara ƙorafi cewa allon mufakkira na dusashewa. Da fari ta koma karatu a bakin taga. Daga baya ta haɗa da tocila da rana tsaka. Mu kuma tunda ba ma leƙawa, sai muka ce ai dole, abu ya haura shekara talatin yana aiki. Rannan wasu suka zo duba baiko, ta daɗe tana ƙura ido, ta ce babu komai, a je a yi. Har sun kai ƙasan bene suna murna, sai ga kanta ta taga tana ƙwala musu kira su dawo. Layi ta tsallake. Yaron da yarinyar mace ɗaya suka sha.

Da suka tafi na same ta zaune a bakin gado. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Goggo ba sai ranar, kuma ni ma na tsorata.

"Saura ƙiris, Sa'a. Da bakina na ce a je a yi." Ta rufe mufakkira. "Gobe ki raka ni Balad. Za a sauya ta."

Na ce a raina, alhamdulillahi, yau dai jawwal ya ci. Ashe ban gama sanin mutuniyar tawa ba.

Muka shiga tasi da hantsi. Shago bakwai muka leƙa, duk inda ta zaro mufakkira ta ce irinta take nema sai samari su taru suna kallo, wani har ya nemi izinin ɗaukar ta hoto, ta ce ya ɗauki uwarsa. A na takwas muka samu wani dattijo ɗan Yaman, a can cikin lungun tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako. Ya shiga ciki ya yi ta buruntu, ya fito da guda ɗaya a kwalinta, ƙura ta rufe ta. Amma shi ma ɗan kasuwa ne, sai ya ajiye jawwal a gefenta, ya fara zuba Larabci.

"Ya Hajja, wannan zamaninta ya wuce. Ko ta lalace babu mai gyara a duk Jidda. Wannan kuwa, dubi haske, dubi girman rubutu."

Goggo ta ja kujera ta zauna, kamar yadda take yi in an kawo mata maganar aure.

"Wannan," ta nuna jawwal, "kwana nawa yake yi bai ci wuta ba?"

"Kullum ake sa masa."

"Waccan fa?"

"Shekara, ko fiye."

"Mai ci kullum da mai ci shekara-shekara. To. In na rubuta abu a cikinsa ya faɗa ruwa fa?"

Fuskar mutumin ta yi haske, ya ga ya samu ƙofa. "A nan ya fi ta, ya Hajja! Duk abin da kika sa, kamfani na ajiye kwafinsa. Ko teku ya faɗa, abinki na nan a wurinsu."

"A wurin wa?"

"Kamfani."

"Ɗan wa ne shi kamfanin?"

Mutumin ya kalle ni, na kalli rufi.

"Ban san ubansa ba, ban san uwarsa ba, kuma shi zai riƙe mini asirin matan Bani Malik? Naɗe mini tsohuwar. Da tsohuwar zuma ake magani."

A tasi sai fara'a take, tana rungume da kwali, tana yi mini gori wai mun so mu kai ta mu baro. Ni kuwa haushi ya cika ni, don na san sai ta sake danna ɗaruruwan sunaye da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan duk wahalar muna nan inda muke.

Muna isa gida ta sa batir, ta kunna, ta kai bakin taga. Ta juya ta nan, ta juya ta can. Sai ta doka salati.

"Ɗan Yaman ya cuce ni! Wannan ma a dushe take! Tashi mu koma, yau sai ya san 'yar wa ya taɓa."

Tunda sabuwa ce babu asirin kowa a ciki, sai na karɓa na duba. Rubutu ne baƙi wuluk, raɗau, ko daga nesa ana karantawa. Na ɗago na kalle ta. Ta lura.

"Ke kina gani?"

"Ina gani, Goggo."

"Sosai?"

"Sosai."

Ta karɓi sabuwar ta ajiye a gefe. Sannan ta zura hannu cikin tob, ta zaro tsohuwar, ta buɗe, ta miƙo mini. Shekara talatin da ɗoriya, ranar ce ta farko da wani ya ga allon nan ban da ita.

"Wannan fa?"

Lafiyarta ƙalau. Ko ɗigo bai goge ba. Na gyaɗa kai, kuma ban tabbata ta ga gyaɗawar ba.

"Af," in ji ta. "Ashe ni ce batirina ya yi sanyi. Baiwar Allah, na yi ta zaginta a banza." Ta goge ido da bakin tob. "Kira mini Usman. Kuma kada ki faɗa wa Mairo na zagi ɗan Yaman."

Usman ya zo da gudu, ya ɗauka wani abu ne ya same ta. Ta sa aka ɗauko madubin kwallinta, ta gindaya sharuɗɗa. A cire masa layi. A raba shi da intanet, rabuwa ta har abada. Ba ya fita daga gidan nan sai zuwa ɗakin Sa'a. Kuma ba rubutu za a yi ba, muryarta za a ɗauka.

"Ummi, jawwal ba layi, ba net, esh ya rage?"

"Abin da nake so ya rage. Ya ji, ya yi shiru."

"To me ya sa ba za a rubuta ba? Ya fi sauƙin nema."

"Rubutu kowa na iya ƙara masa ɗigo. Murya kuwa, duk Bani Malik sun san tawa."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar sai in hau, in dafa shayi, in zauna kusa da ita. Ni ke karanta suna daga mufakkira, ita ke faɗa wa jawwal. Tun ranar farko ta ja kunnena: inda ta rubuta dalili, in karanta a raina in haɗiye, ba ya shiga murya, ba ya fita bakina ko ga mijina. Na haɗiyi abubuwa a wata biyun nan, jama'a. Akwai matan da nake gaisarwa sama-sama a da, yanzu har ƙasa nake durƙusa musu, ba su san dalili ba.

Amma fa abin da ba asiri ba, Goggo ba ta rage wa kowa. Sai ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta matso da jawwal bakinta kamar mai yi masa raɗa, sannan ta ɗaga murya har ƙasan bene.

"Bismillahi. Ni ce Habi. Sale ladan, ɗan Hajja Rakiya. Ya sha Asabe, ya sha Kulu. Kuma tun yana jariri muryarsa haka take, kada a ce lasifika ce ta ɓata ta."

Da muka iso kan Bashir ta ce in dakata.

"Ƙaro shayi tukuna. Wannan tafiyar da nisa."

Ranar da muka kai suna na ƙarshe, ta yi hamdala, ta jingina da bango. Ni kuwa da sauran magana a raina. Lokacin da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo kusan shekara, Goggo kuma tana goyon Usman, sai ta haɗa mu biyu ta shayar. Duk dangi sun san wannan. Amma na karanta ɗaruruwan sunaye, na ga wanda ya sha sau ɗaya a bakin ƙofa, na ga wanda aka ba shi a cikin tasi, ban ga nawa ba. Kunya ta so ta hana ni, amma abin ya yi mini ciwo, sai na faɗa.

"Goggo, kowa yana ciki. Ni ban ga sunana ba."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ya bitti, abin da nake tsoron mantawa nake rubutawa."

Na kifa kaina a cinyarta, ni da furfurata ta fara fitowa, na yi kuka mai isata. Ta bar ni na yi, tana shafa mini kai. Can ta ce, "Kuma ke ce mai cizo. Usman bai taɓa cizona ba. Tashi ki kashe abin nan, yana jin mu."

Ashe ban kashe ba. Yana nan a ƙarshen rijistar, har da jan majinata.

Wata bakwai bayan nan Allah Ya karɓi abinSa, ranar wata Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Yanzu wurina ake zuwa. In an kawo suna sai in nemo wurin in kunna, a zauna a yi tsit, muryarta ta cika ɗaki. Wasu su fita da murna, wasu su fita a sanyaye, amma ban ga wanda ya yi musu ba tukuna, kuma ban ga wanda ya fita bai yi dariya yana share ido ba. Wancan na ƙarshen ne kawai ba na kunna wa kowa. Nawa ne.

Allah Ya jiƙan Goggo Habi, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta fiye da yadda idonta ya taɓa gani. Yadda ta rufa asirin bayinSa mata, Ya rufa nata ranar da asirai ke tonuwa. Ta shayar da ni ina jaririya ban san komai ba, ba ni da abin da zan biya ta. Ya Allah, Ka shayar da ita daga Alkausara. Amin.